Ƙarambau ga babba ba wasa ba ne: yadda yake taɓa hanta, da alamomin da ba a kwana da su a gida

Duk shekara idan hunturu ya yi nisa aka doshi bazara, tambayoyi kan ƙarambau sukan yawaita a shirinmu na kiwon lafiya. Galibi uwaye ne ke tambaya a kan yara. Amma akwai wata tambaya da ke yawan dawowa, ita ce ta sa muka zauna muka rubuta wannan bayani. Yaya za a yi ƙarambau, ciwon da yaro ke yi yana wasansa a tsakar gida, ya kwantar da magidanci, idonsa ya yi ruwan ɗorawa, kafin mako ya zagayo a ce ya rasu?

Amsar a taƙaice ita ce, ƙarambau a jikin babba ba ya tsayawa a fata kullum. Yakan shiga ciki ya kama huhu, wani lokaci ƙwaƙwalwa, wani lokaci hanta. Ba kasafai yake lalata hanta ba, kada mu tsorata ku. Amma idan ya kama ta da ƙarfi, kwanaki kaɗan ne tsakanin mutum da halaka. Akwai magani, sai dai maganin ya fi aiki idan an fara shi da wuri. Ga bayanin dalla-dalla, ku ajiye shi, ku karanta wa wanda bai iya karatu ba.

Mene ne ƙarambau, kuma yaya ake ɗaukarsa?

Ƙarambau cuta ce da wata ƙwaya nau'in birus ke kawowa. A takardar likita za ku ga an rubuta sunansa da Faransanci, varicelle. Ana ɗaukarsa ta numfashi, ta tari da atishawa, da kuma taɓa ruwan ƙurajen. Daga ranar da mutum ya ɗauka zuwa ranar da ƙuraje za su fito, kwana 10 ne zuwa 21, mafi yawa mako biyu. Mai ciwon yakan fara raba wa mutane tun kwana ɗaya ko biyu kafin ƙurajen su bayyana, ya ci gaba har sai dukkansu sun bushe sun yi ɓawo.

Yana cikin cututtukan da suka fi saurin yaɗuwa. Idan ya shiga gida, a cikin mutum goma da ba su taɓa yinsa ba, har tara na iya kamuwa. Kuma wanda ya ɗauka a cikin gida, ciwonsa yakan fi na wanda ya shigo da shi tsanani. Shi ya sa sau da yawa yaro ne ke kawowa daga lakwal ko makarantar allo ya warke sumul, bayan mako biyu sai uwa ko uba su kwanta.

Ƙurajen sukan fara a ƙirji, baya da fuska, su bi cikin gashin kai har cikin baki. Da farko ɗigo ne, sai ya tashi, sai ya ɗuri ruwa kamar raɓa, sai ya fashe ya bushe. Alamar da ke bambanta shi ita ce a wuri guda za ka ga sabon ƙurji, da mai ruwa, da busasshe, duka tare, ga ƙaiƙayi mai tsanani.

Kada a haɗa shi da ƙyanda. Ita ƙyanda tana zuwa da mura, tari da jan ido, ƙurajenta ƙanana ne kamar dussa, ba sa ɗurar ruwa. Kada kuma a haɗa shi da agana, wadda tsofaffinmu suka sani. An kawar da agana daga duniya, Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da haka a 1980. Akwai kuma ƙyandar biri, mai ƙuraje manya masu tauri da kaluluwa. Idan an yi shakka, ma'aikacin lafiya ne zai raba gardama.

Wanda ya yi ƙarambau sau ɗaya, da wuya ya sake. Amma ƙwayar ba ta barin jiki, takan kwanta a cikin jijiyoyi. Bayan shekaru, idan tsufa ya zo ko jiki ya yi rauni, tana iya tashi ta fito da ƙuraje masu raɗaɗi a gefe guda na jiki kamar ɗamara. Shi ne likitoci ke kira zona. Mai zona na iya sa wa wanda bai taɓa yin ƙarambau ba ƙarambau.

Me ya sa ya fi tsanani ga babba?

A ƙasashen sanyi, kafin zuwan allurar rigakafi, kusan kowa yakan yi ƙarambau tun yana ƙarami. A ƙasashe masu zafi irin namu, musamman a karkara, mutane da yawa sukan girma ba su yi ba. Sai saurayi ya tafi ci-rani, ya kwana ɗaki ɗaya da mutum goma, ya ɗauka. Ko amarya ta tare a gidan yawa, ta ɗauka wurin yaran gidan. Duk inda aka samu cunkoso, cutar ta samu hanya. A gundumar Gidan Rumji, tun 2019 dubban ƴan uwanmu da rashin tsaro ya koro daga jihohin Sakkwato, Zamfara da Katsina suke zaune tare da mu, a Garin Kaka, Ɗan Daji Makau, Shadakori da sauran ƙauyuka. Inda gida ɗaya ya ɗauki iyali biyu ko uku, sai a ƙara sa ido, don lafiyar baƙi da masu masauki baki ɗaya.

Jikin babba yakan fi shan wuya. Zazzaɓinsa ya fi zafi, ƙurajensa sun fi yawa, kuma cutar ta fi saurin shiga ciki. A lissafin da aka yi a Amurka kafin su fara rigakafin ƙarambau a 1995, haɗarin mutuwa ga babba ya ninka na yaro fiye da sau 20. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ƙiyasta a 2014 cewa duk shekara kimanin mutum miliyan 4 da dubu 200 ne ƙarambau ke tsananta musu har a kwantar da su asibiti, kimanin 4,200 kuma yake kashewa. Abin da ya fi yawan kama babba shi ne ciwon huhu, musamman mai shan taba da mace mai tsohon ciki. Ciwon hanta bai kai shi yawa ba, amma yana zuwa a ɓoye, shi ya sa muka ware shi.

Aikin hanta da yadda ƙarambau ke isa gare ta

Hanta tana ƙarƙashin haƙarƙarin dama, nauyinta ya kai kilo ɗaya da rabi a jikin babba. Ita ke tace jini ta fitar da guba. Duk ƙwayar maganin da ka haɗiya da duk jiƙon da ka sha, kusan sai ya bi ta cikinta. Ita ke yin ruwan matsarmama mai narka maiƙo, ita ke ajiye sukari don lokacin buƙata, ita kuma ke haɗa sinadaran da ke sa jini ya daskare idan an ji rauni. Kun ga kenan idan ta tsaya, abubuwa da yawa ke tsayawa tare da ita.

Kafin ƙuraje su fito a fata, ƙwayar ƙarambau ta riga ta bi jini ta hayayyafa a cikin jiki, har da hanta da saifa. Daga nan abin yakan kasu uku.

Na farko, taɓawa mai sauƙi. Wannan ya zama ruwan dare. Mutum ba ya jin komai a hantarsa, sai in an auna jini a ga alamar ta ɗan motsu. Tana komawa daidai da kanta idan ciwon ya wuce.

Na biyu, kumburin hanta mai alama. Mutum ya ji ciwo a gefen dama ko a bakin ciki, ga tashin zuciya da amai, ga rashin son abinci, wani lokaci ido ya sauya. Wannan na buƙatar gwaji da kulawar likita.

Na uku, hanta ta gaza gaba ɗaya cikin ƴan kwanaki. Ƙwayar ta cinye sassanta da yawa a lokaci guda. Jini ya ƙi daskarewa, guba ta hau kai, sukari ya faɗi, ƙoda ma ta bi sahu. Wannan shi ne mai kisa, kuma ko a manyan asibitocin duniya da yawa daga cikin waɗanda suka kai wannan mataki ba sa tashi. A Turai da Amurka akan kai ga dashen hanta, aikin da ba a yi a asibitocinmu na Nijar. Don haka mu namu shi ne mu tare abin tun bai kai can ba.

Su wa suka fi shiga haɗari?

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mafi yawan waɗanda ƙarambau ke lalata wa hanta, dama garkuwar jikinsu ta yi rauni. Ga su:

Mai ɗauke da cutar sida, musamman wanda ba ya shan maganinsa, ko wanda bai ma san yana da ita ba.

Mai shan ƙwayoyin kortizon, irin su dexamethasone da prednisolone. Akwai masu shan su bisa umurnin likita saboda asma ko ciwon gaɓoɓi. Akwai kuma masu sayen su a kasuwa don su yi ƙiba ko su ji daɗin jiki, musamman ƴan mata da amare. Waɗannan ƙwayoyi suna kwantar da garkuwar jiki, kuma an sha ganin ƙarambau ya yi mummunar ɓarna a jikin mai shan su, ko da bai daɗe da farawa ba.

Mai ciwon daji da ke karɓar magani, da wanda aka yi wa dashen ƙoda.

Mace mai ciki. Ita haɗarinta biyu ne, nata da na abin da ke cikinta. Idan ta kamu a watanni biyar na farko, akwai ƙaramin haɗarin a haifi jaririn da nakasa. Idan kuwa ƙurajen suka fito mata daga kwana 5 kafin haihuwa zuwa kwana 2 bayanta, jaririn na iya kamuwa da mai tsanani, har ya taɓa masa huhu da hanta.

Wanda dama hantarsa ba lafiya. Nijar tana cikin ƙasashen da ciwon hanta nau'in B ya yi yawa. Allurar rigakafinsa ta shiga jerin na jarirai ne a 2008, wato akasarin manyanmu na yau ba su samu ba, kuma da yawa suna ɗauke da shi ba su sani ba. Haka mai shan barasa. Hantar da ta riga ta gaji ba ta da ƙarfin ɗaukar wani sabon kaya.

Amma fa ku riƙe wannan. An samu manya masu cikakkiyar lafiya, majiya ƙarfi, da ƙarambau ya gaza musu hanta. Ƙarfin noma ba garkuwa ba ne.

Alamomin da ba a kwana da su a gida

Idan babba yana da ƙarambau, ko kuma an yi shi a gidansu cikin makonni uku da suka wuce, sai aka ga ɗaya daga cikin waɗannan, a ɗauke shi zuwa gidan likita a ranar, ko da dare ne:

Ciwon ciki ko ciwon baya mai tsanani wanda ba ya lafawa. Wannan babbar alama ce, kuma ga mai raunin garkuwa tana iya zuwa tun kafin ƙuraje su fito, ko da ƙuraje ƴan kaɗan. Sau da yawa akan ɗauka gyambon ciki ne a yi ta shan maganinsa.

Amai da ya ƙi tsayawa, har ruwa ba ya zama.

Farin ido ko tafin hannu ya yi ruwan ɗorawa, fitsari ya yi duhu kamar shayi. Shawara kenan. Sai dai kada a ce sai an ga haka, domin wani lokaci hanta ta yi nisa da lalacewa ido bai sauya ba tukuna.

Jini daga hanci ko dasashi, aman jini, baƙin bayan gida, ko ƙurajen su ɗuri jini su yi baƙi.

Ruɗewa, sambatu, yawan barci da rana, rashin gane mutane, ko fizge-fizge. Jama'a, wannan ba iska ba ce, ba kuma sammu ba ne. Guba ce da hanta ta kasa tacewa ta hau ƙwaƙwalwa.

Numfashi sama-sama, ciwon ƙirji, tari mai jini. Wannan huhu ne.

Zazzaɓin da ya wuce kwana huɗu bai sauka ba, ko ya sauka ya dawo, ko fatar da ke kewaye da ƙurji ta kumbura ta yi zafi da raɗaɗi.

Fitsari ya ragu ƙwarai.

Ku sani kuma, zazzaɓi da shawara a ƙasarmu ba ƙarambau kaɗai ke kawo su ba. Zazzaɓin cizon sauro mai tsanani yana sa ido ya yi ruwan ɗorawa. Akwai ciwon hanta nau'in E da ake ɗauka ta gurɓataccen ruwa, wanda ya ɓarke a jihar Difa a 2017 ya fi yi wa mata masu ciki illa. Mutum na iya haɗa cuta biyu a lokaci guda. Ido ba ya rarrabe su, gwaji ne ke rarrabewa.

Magungunan da ke ƙara wa hanta nauyi

A nan ne muka fi yin kuskure. Babba yakan yi kwana ɗaya ko biyu da zazzaɓi, ciwon kai da ciwon jiki kafin ƙuraje su fito. Sai ya aika yaro wurin mai tebur a haɗo masa ƙwayoyi, ja da fari da kore, ba suna ba kwali. Kafin a gane ƙarambau ne, hanta ta riga ta sha aiki.

Aspirin: kada a ba mai ƙarambau, musamman yaro da matashi. Yana iya jawo wani ciwo da ke kumbura ƙwaƙwalwa ya cika hanta da kitse. Ana kiransa ciwon Reye, da sunan wani likitan Ostareliya, Douglas Reye, wanda shi da abokan aikinsa suka bayyana shi a 1963. Yakan zo ne daidai lokacin da ake ganin yaro ya fara samun sauƙi, sai amai ba ƙaƙƙautawa, sai ruɗewa, sai suma. Tun da aka hana ba yara aspirin a ƙasashen Turai da Amurka, ciwon ya ragu ƙwarai. Ku lura, da yawa daga cikin garin maganin ciwon kai da ake sayarwa cikin ƴar takarda akwai aspirin a ciki. Ga babba ma aspirin yana ƙara tsinka jini, ga shi hanta mai ciwo dama ba ta iya daskarar da shi.

Ibuprofen da diclofenac: a guje su. An danganta su da mummunan ruɓewar fata da nama ga masu ƙarambau, kuma suna wahalar da ƙoda da ciki.

Parasitamol: shi ne aka yarda da shi don zazzaɓi, amma da ƙa'ida. Babba kada ya wuce giram 3 a yini da dare, wato ƙwaya 6 masu lamba 500, kuma idan ya sha biyu ya bari sai bayan awa 6. Wuce ƙima shi kansa yana kashe hanta. Magungunan mura da na ciwon jiki da dama akwai parasitamol a cikinsu, sai mutum ya ninka bai sani ba. Idan alamar hanta ta bayyana, a dakata da shi sai likita ya gani.

Kortizon: kada a fara shi don ƙaiƙayi ko kumburi. Wanda kuwa likita ya ɗora shi a kai tun da daɗewa, kada ya yanke da kansa rana ɗaya, wannan ma haɗari ne. Ya je a ranar ya faɗa wa likita.

Jiƙe-jiƙe da sassaƙe: mun san idan aka ga shawara, abin da ake fara nema shi ne rawaya da sauran saiwoyi. Ba mu raina abin da muka gada ba. Amma duk jiƙo ta hanta yake bi, ba a san ƙarfinsa ba, kuma babu wanda ke kashe ƙwayar ƙarambau. Babbar illarsa ita ce kwana biyu ko uku da ake ɓatawa ana jiran ya yi aiki, alhali kwanakin nan su ne na ceto.

Abin da ake yi a gidan likita

Tun 2006 gwamnati ta sa kulawar yara ƴan ƙasa da shekara 5 da awon ciki kyauta. Babba shi ke biya, shi ya sa magidanci ke kai yaransa shi kuma ya ce zai daure. To a ƙarambau, kuɗin ranar farko ya fi na rana ta biyar sauƙi nesa ba kusa ba.

Duk babban da ya ga ƙurajen ƙarambau, ya je CSI mafi kusa a ranar farko, ko da ba ya jin jiki sosai. Dalili shi ne akwai magani mai suna aciclovir da ke hana ƙwayar hayayyafa, yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Na haɗiya ya fi amfani idan an fara shi cikin awa 24 da fitowar ƙuraje. Ma'aikacin lafiya ne zai duba ya ga ko ya dace da kai, ya kuma rubuta yadda za a sha. Ba kowace ƙaramar likitar ƙauye ke da shi ba, wataƙila sai an nemo a farmasi.

Idan akwai alamar haɗari, majo zai rubuta takardar turawa zuwa asibitin gunduma, kamar na Agye ko na Gidan Rumji, daga can kuma in abin ya fi ƙarfinsu zuwa Maraɗi, babban asibitin jiha ko Hôpital de Référence. Mutanen Gangara, Gazawa, Agye da Cadawa daga gabas, da na Gidan Sori da Gidan Rumji daga yamma, duk babbar hanyar kwalta ta ƙasa mai lamba ɗaya ce ke kai su Maraɗi. Na Tibiri kuwa suna bakin gari. Idan an ba da takardar turawa, kada a koma gida a ce sai an yi shawara da dangi ko sai ranar kasuwa.

A asibiti za a ɗebi jini. A takardar sakamako za ku ga ALAT da ASAT, su ne ke nuna ko hanta na lalacewa. Ga mai lafiya ba sa wuce 40 da wani abu, ga wanda hantarsa ke gazawa sukan kai dubbai. Za ku ga TP, mai nuna ƙarfin daskarewar jini, idan ya faɗi ƙasa abin ya yi tsanani. Akan duba sukari, ƙoda, zazzaɓin sauro, ciwon hanta nau'in B, da sida. Kada gwajin sida ya ɓata wa kowa rai, sanin sakamakon yana sauya yadda za a yi jinya.

Mai tsanani akan ba shi aciclovir ta jijiya duk awa 8, mako guda ko fiye, tare da ƙarin ruwa don kare ƙoda. Wani zai buƙaci ƙarin jini ko iskar numfashi, don haka dangi su zo da shirin ba da jini. Ku tafi da duk kwalaye da ragowar ƙwayoyin da majinyaci ya sha, har da jiƙon. Ku faɗi gaskiya, ba faɗa za a yi muku ba. Kuma tun daga ƙofa ku ce ƙarambau ne, don kada a zaunar da shi cikin mata masu awo da jarirai. A mota ya rufe hanci da baki.

Jinya a gida idan ciwon mai sauƙi ne

Idan likita ya duba ya ce a koma gida, majinyaci ya zauna ɗaki shi kaɗai, mai iska. Wanda ya taɓa yin ƙarambau shi ya dace ya yi jinyarsa. Ya sha ruwa da yawa, kunu, fura mai tsabta, romo. A yi wanka kullum da ruwa da sabulu, a tsane jiki a hankali. Maganar cewa ruwa na mayar da ƙuraje ciki ba ta da tushe, rashin wankan ne ma ke sa su ruɓe. A yanke farce. Kada a shafa toka, ƙasa ko man mota a kan ƙurji.

Dubiya abu ne mai kyau, amma mai ciki da ba ta taɓa yi ba, da mai jego da jaririnta, da duk mai ciwon da ya daɗe, su aiko da gaisuwa daga nesa. Shi ma majinyaci ya haƙura da kasuwa, masallaci da taron biki har ƙurajen su bushe duka, galibi mako guda. Safe da yamma mai jinya ya duba farin idonsa a hasken rana, ya tambayi launin fitsari, ya yi masa magana ya ji ko yana amsawa daidai.

Rigakafi

Akwai allurar rigakafin ƙarambau. Wani masani ɗan Japan, Michiaki Takahashi, shi ya samar da ita a 1974. Ba ta cikin jerin alluran da ake yi wa yara kyauta a Nijar, don haka kada uwa ta ɗauka allurar ƙyanda ta rufe ƙarambau, cuta biyu ne daban. Babba yana karɓar allura biyu, da tazarar wata ɗaya zuwa biyu. Idan aka yi ta cikin kwana 3 zuwa 5 bayan cuɗanya da mai ciwon, tana iya hana shi fitowa ko ta rage ƙarfinsa. Ba a yi wa mai ciki, ba a yi wa wanda garkuwarsa ta faɗi sosai. Su waɗannan, idan sun yi cuɗanya da mai ƙarambau, su je su shaida wa likita tun kafin su ga komai a jikinsu.

Abu mafi sauƙi da kowa zai iya yau shi ne ya tambayi mahaifiyarsa ko wata babba a gida, shin na yi ƙarambau ina yaro? Wanda aka ce bai yi ba, ya san matsayinsa.

Ga ƴan uwa da ke nesa

Ku ne ake bugo wa waya idan ciwo ya tsananta, kuma sau da yawa maganarku ce ke tayar da mota. Idan aka ce muku wani babba a gida na ƙarambau, ku yi tambaya huɗu. Yaushe ƙurajen suka fito? Wane magani ya sha? Akwai ciwon ciki, amai ko sauyin ido? Akwai mai ciki ko jariri a gidan? Ku sa a ɗauko hoton kwalayen magani da takardar likita a turo muku ta WhatsApp. Idan za ku aiko da kuɗi, ku ce na mota da gwaji ne, kuma ku aiko a ranar farko, kada ku jira sai an ce ya daina gane mutane. Kada ku aiko da sunan wani magani da ya yi muku aiki a can. Ku kuma da kuke kwana da yawa a ɗaki ɗaya a wurin neman kuɗi, wannan bayani ya shafe ku kai tsaye. Wanda ke ƙasar da ake samun allurar, bai kuma taɓa yin ciwon ba, ya tambaya a yi masa.

Jama'a, mafi yawan manyan da suka yi ƙarambau suna warkewa, sai ƴan tabo. Abin da muke roƙo shi ne a daina cewa ai ciwon yara ne. Babba ya je likita ranar farko, ya bar ƙwayoyin kan tebur, gida kuma su san alamomin nan. Mai tambaya ya aiko mana ta lambar shirinmu na kiwon lafiya, za mu miƙa ta ga ma'aikatan lafiya su amsa a iska. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, na gida da na asibiti, ya kuma tsare mu baki ɗaya.